Tambaya da Amsa: Idan An Yi Maka Ƙari Kan Ƙari a Wasan Foka

Tambaya: Malam, a wasan foka na Texas Hold'em nakan buɗe da ƙari, sai wani ya sake ɗagawa a kaina tun kafin a baje katuna ukun farko a tebur. In na bi sai in yi asara, in na ajiye kati kuma sai in ji kamar tsorata ni kawai aka yi. Me zan duba?

Amsa: Malam, ka fara da lissafi kafin ka sake kallon katinka. Mu ɗauki babban zubin dole (mafi girma cikin kuɗi biyun da 'yan wasa biyu ke zubawa tilas kafin a raba kati) a matsayin ma'auni, wato 1. Ka buɗe da 2.5, mai ƙaramin zubi ya janye ya bar 0.5 ɗinsa, mai babban zubi ya ɗaga zuwa 10. A tsakiya akwai 13 ke nan, kai kuma 7.5 za ka ƙara. Wannan 7.5 cikin 20.5 kusan kashi 37 ne cikin ɗari. Hannun da ba zai ci haka ba a kan irin katunan da mutumin yake ɗagawa da su, ajiye shi ya fi.

Sai mazauni. In kai ne za ka riƙa magana daga ƙarshe bayan an baje kati, kana iya bi da 99, TT, AQ, ko KQ da JT masu zane ɗaya (haruffan katuna biyun da ke hannunka ne: A, K, Q da J manyan katuna, T kuma 10; zane shi ne alamar da ke jikin katin), domin za ka ga abin da ya yi kafin ka motsa. In kai ne mai fara magana, rage su sosai.

Inda aka fi asara shi ne hannuwa masu kyan gani irin KJ ko AT masu zane daban. Mai sake ɗagawa yawanci AK, AQ ko manyan tagwaye (katuna biyu masu daraja ɗaya, kamar KK) yake riƙe da su. KJ a gaban AK ba ya wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma abin takaicin shi ne ranar da K ya fito a tebur, ranar ce za ka zuba komai kana murna, alhali A ɗinsa ya danne J ɗinka.

Amma kada ajiyewa ta zama maka ɗabi'a. A misalin nan ya saka ƙarin 9 ne don ya kwashe 4. In kana janyewa fiye da kashi 69 cikin ɗari, ko da katin banza ya ɗaga riba yake ci.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ƙananan tagwaye kamar 44 da 55 fa? An ce mini kullum a bi da su.

Amsa: Ba kullum ba. Tagwaye suna samun na uku a katunan farko sau ɗaya ne cikin kusan takwas da rabi, wato kashi 11.8. Kuma ko ka samu, ba lallai abokin karawar ya biya ka ba. Shi ya sa masana ke son abin da ya rage a gaban kowannenku ya ninka kuɗin bi sau 15 ko fiye. Sau 15 na 7.5 ya haura 112, ga shi kuwa in da 100 kuka fara, 90 ne ya rage. Bai kai ba.

Tambaya: Yaushe ni ma zan mayar masa da wani ƙarin?

Amsa: Da AA da KK babu jinkiri, QQ da AK kuma sai in mutumin mai yawan ɗagawa ne. Ninka nasa sau 2.2 zuwa 2.5 ya wadatar, wato 22 zuwa 25 a kan 10 ɗinsa. In ka wuce haka, ka kori raunanan hannuwan da kake so su biyo ka.

In ruɗi za ka yi, zaɓi irin A5 mai zane ɗaya. A ɗin da ke hannunka yana rage hanyoyin da zai iya riƙe AA daga 6 zuwa 3, na AK daga 16 zuwa 12, kuma in ya bi kana da damar haɗa jeri (katuna biyar masu bin juna) ko katuna biyar masu zane ɗaya. Sai dai wanda ba ya sake ɗagawa sai da AA ko KK, kada ka gwada masa wannan. Kuma tun kafin ka tura 22 ɗin, yanke shawarar abin da za ka yi in ya zuba duk abin da ke gabansa: da KK ka amsa, da A5 ka ajiye.