Amincewa da asibiti da nisan hanya: yaya za a auna haɗuwarsu?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kan zuwa awon ciki a ƙauyukan Mirriya. Na auna amincewar mata da asibiti da tambayoyi biyar, na kuma rubuta nisan gidan kowace da kilomita. Ina zaton tasirin amincewa kan zuwa awon yana raguwa idan hanya ta yi nisa. Yaya zan gwada wannan a tsarin lissafin SEM, wato lissafin da ke gwada alaƙa tsakanin ɓoyayyun abubuwa da waɗanda ake iya aunawa? Wata ɗaliba, unguwar Birni.

Amsa: Malama, amincewa ɓoyayyen abu ne da ba a ganinsa sai ta amsoshin tambayoyinki, nisa kuwa a fili yake, kuma abin da kike nema shi ne yadda ɗaya yake sauya ƙarfin ɗayan, wato haɗuwarsu. Kada ki tara makin tambayoyin biyar ki ninka da kilomita, domin kowace amsa tana ɗauke da kuskuren awo, kuma ninkawa ba ta wanke shi. A misali, idan ingancin ma'aunin amincewa 0.7 ne (1 shi ne awo marar kuskure), na nisa 0.8 saboda matan da baki suke kimanta hanyar, kuma babu alaƙa tsakanin biyun, ingancin ninkin zai sauka zuwa 0.56, sai tasirin da yake akwai ya dusashe ki ce babu shi.

Hanyar da masana Kenny da Judd suka buɗe a 1984 ita ce a ninka kowace tambaya da nisan, sai sakamakon ninkin guda biyar ɗin su zama alamomin wani sabon ɓoyayyen abu, wato haɗuwar kanta. Ƙa'idojinsu sun yi tsauri, har Marsh da Wen da Hau suka sassauta su a 2004. Ki fara cire matsakaicin kowane ma'auni daga cikinsa kafin ki ninka, sannan ki bar amincewa da nisa, kowanne da kansa, a cikin tsarin. Manhajar lavaan da ke cikin R, wato babbar manhajar lissafi, kyauta ce, kuma umarnin indProd na manhajar semTools zai yi miki ninkin. Akwai kuma wata dabarar auna haɗuwar mai suna LMS, ta Klein da Moosbrugger ta 2000, wadda ake yi a manhajar Mplus da umarnin XWITH, amma Mplus na kuɗi ne, kuma dabarar tana son amincewar ta rarrabu a dunƙule ba tare da karkata gefe ɗaya ba, abin da yake da wuya inda yawancin mata suke amsa "na yarda ƙwarai" don kunyar mai tambaya.

Ba na goyon bayan raba matan gida biyu, na kusa da na nesa, domin matar da ke kilomita 6 da wadda za ta hau amalanke kilomita 25 za su faɗa rukuni ɗaya. Idan sakamako ya fito, ki zana tasirin amincewa a kilomita 2 da 10 da 20 a hoto guda, shi malaman da za ki kare kundin a gabansu za su fara dubawa.