Tabon da hawan jini ke bari a ƙwaƙwalwa: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk sun karkata wuri guda, wato hoton ƙwaƙwalwa da abin da ake gani a cikinsa. Na zaɓi guda biyar. Wasu na rage musu tsawo, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 68. An yi mata hoton MRI saboda yawan jiri, sai takardar sakamako ta ce akwai fararen ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwarta, wai alamar cutar ƙananan jijiyoyin jini. Ba ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba. Tun da muka karanta takardar ba mu runtsa ba. Ciwon daji ne?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, wannan ba daji ba ne, kuma ba abin da ake yi wa tiyata ba ne. Manyan jijiyoyin jini suna kwance ne a saman ƙwaƙwalwa da gindinta. Daga jikinsu wasu sirara ke tsirowa, kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, su nutsa can ciki su shayar da sashen da zaren saƙo ke bi daga wani ɓangaren ƙwaƙwalwa zuwa wani. Kowace siririyar jijiya da ɗan yankinta, ba ta da maƙwabciyar da za ta rufa mata baya idan ta gaza. Idan jini ya shekara goma ko ashirin yana dukan bangonta da ƙarfi, bangon zai yi kauri ya sandare, ramin ya tsuke, wani lokaci ma ruwa ya riƙa tsattsafowa. Naman da ke kewaye sai ya rame ya jiƙe, shi ne MRI ke nunawa fari.

Abin ya zama ruwan dare a tsakanin dattawa. A binciken da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a kan mutane masu shekara 60 zuwa 90, fiye da kashi 90 cikin 100 an ga irin waɗannan ɗigo a kansu, kaɗan ko da yawa. Saboda haka tambayar da za ki yi wa likitan Mama ita ce, yawansu ya kai ina? Tun 1987 wani likita ɗan Ostiriya, Franz Fazekas, ya fitar da ma'auni daga 0 zuwa 3 wanda har yau da shi ake aiki. Mataki na 1 ɗigo ne a warwatse, 2 sun fara haɗewa, 3 kuwa sun zama faci mai faɗi. Na farkon, ga mai shekarun Mama, bai fi furfura tayar da hankali ba. Na ukun magana ce daban. A 2010 Stéphanie Debette da Hugh Markus sun tattara bincike masu yawa wuri guda, suka ga masu tabo mai yawa haɗarin shanyewar jiki a gare su ya ninka kusan sau uku, na gigin tsufa kuma kusan sau biyu.

Wannan lissafin taron jama'a ne, ba hukunci ba ne a kan mahaifiyarki. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ku samo na'urar awon jini ta gida, a auna ta safe da yamma na mako guda a rubuta, a kai wa likita. A duba suga da kitsen jini. Jirin kuma a ci gaba da neman dalilinsa, domin sau da yawa daga kunne yake ko daga wani magani da take sha, sai a jingina wa ɗigon nan laifin da ba nasu ba.

Tambaya: Ni magidanci ne ɗan shekara 61. Na buge kaina, aka yi mini hoto, sai likita ya ce buguwar ba ta yi komai ba, amma ya ga tsohon tabon shanyewar jiki. Ni ko yatsana bai taɓa shanyewa ba. Ya abin yake? Kuma wani abokina ya ce in riƙa shan asfirin kullum.

Amsa: Malam, likitanka bai yi kuskure ba. Idan ɗaya daga cikin siraran jijiyoyin da na ambata a sama ta toshe gaba ɗaya, ɗan yankin da take shayarwa ya mutu, bayan watanni wurin ya zama ɗan rami cike da ruwa, faɗinsa milimita 3 zuwa 15. Miller Fisher, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a birnin Boston, shi ya bi sawun waɗannan ramuka a shekarun 1960, yana yanka ƙwaƙwalwar mamata sala-sala har ya kai ga jijiyar da ta toshe. Idan ramin ya faɗo a kan hanyar da ke sarrafa hannu da ƙafa, mutum zai shanye. Idan ya kauce da 'yan milimitoci, ba za a ji komai ba. Naka ya kauce, sai godiya ga Allah.

Shirun nasa bai sa ya zama banza ba. Wancan bincike na Rotterdam ya gano irin wannan tabo a kan kusan mutum ɗaya cikin biyar na dattawan da ke ganin lafiyarsu ƙalau, kuma sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna haɗarin gigin tsufa ga masu shi ya haura ninki biyu. Ka ɗauke shi a matsayin gargaɗi. A duba jininka da suga, a kuma ɗauki awon bugun zuciyarka, saboda akwai rikicewar bugu da ke sa jini ya daskare a zuciya ya yi gudaji, gudan ya haura kai. Idan kana shan taba, yau ce ranar bari.

Batun asfirin kuwa, abokinka ya so ka da alheri amma kada ka bi shi da ka. Asfirin na hana jini daskarewa, kuma jijiyar da ta tsufa ta sandare tana iya toshewa, tana kuma iya fashewa. Wani salon hoton MRI yana nuna baƙaƙen ɗigo ƙanana, wato sawun ɗan jinin da ya taɓa tsiyaya, kuma likita yana sa su a lissafi kafin ya rubuta irin wannan magani. A binciken ASPREE na 2018, wanda aka yi da tsofaffi masu lafiya kusan 19,000 a Ostareliya da Amurka, asfirin bai ƙara musu shekarun lafiya ba, zubar jini ya ƙara. Wanda ya riga ya shanye saboda toshewa, asfirin na yi masa amfani sosai. Kai kana tsakiya, shi ya sa hukuncin na likitan da ya ga hotonka ne.

Tambaya: Bakin mahaifinmu ya karkace da daddare, maganarsa ta harɗe. Muka ce a bari zuwa safe. Da muka je asibiti suka ƙi ba shi komai sai da aka yi hoton CT, hoton kuma wai bai nuna komai ba, amma suka ce shanyewar jiki ce. To mene ne amfanin hoton?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, hoton ya yi aikinsa tsaf, ba ku dai gane tambayar da aka yi masa ba. Shanyewar jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, wanda shi ya fi yawa, ko ta fashe jini ya malala. Daga waje kamanninsu ɗaya, maganinsu kuwa hannun riga. Allurar da ke narkar da gudan jini tana ceton mai toshewa, tana iya kashe mai fashewa. CT, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro aka fara gwadawa a kan majinyaciya a Landan a 1971, cikin 'yan mintuna yake nuna sabon jini. Da suka ce bai nuna komai ba, nufinsu ba a ga jini ba. Naman da toshewa ta kashe yakan ɗauki sa'o'i kafin ya fito a CT, ƙarami ma yakan ƙi fitowa. MRI ya fi shi ido a nan, yana iya gani cikin mintuna, sai dai ya fi ɗaukar lokaci kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Ba don in ɗora muku laifi ba, amma jiran safiyar nan shi ne abin da nake so kowane mai karatu ya lura da shi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Allurar narkarwa ana ba da ita ne cikin sa'a huɗu da rabi daga fara alama. Tun 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har zuwa kai a zaro gudan.

Nan ne binciken hoto ya sauya abubuwa sosai, kuma ni a ganina shi ne ci gaba mafi girma a wannan fanni cikin shekarun nan. A da agogo kawai ake kallo. Yanzu hoto na iya bambance naman da ya riga ya mutu da wanda ya suma amma da sauran numfashi. Binciken DAWN na 2018 ya nuna ana iya zaro gudan jini har zuwa sa'a 24 ga waɗanda hoto ya nuna suna da sauran abin ceto. A shekarar ce kuma binciken WAKE-UP, wanda aka jagoranta daga Jamus, ya nuna wanda ya farka da shanyewa bai san lokacin da ta fara ba, ana iya kwatanta salon MRI guda biyu a gane ko sabuwa ce, don a san ko za a yi masa allurar. Kada wannan ya sa wani ya ce ai da sauran lokaci, 'yan kaɗan ne ke dacewa. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe: a duba agogo, a nufi asibiti. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, yana iya shaƙewa, kada kuma a ba shi asfirin a gida. Ko alamar ta wuce cikin minti goma, a je ranar.

Tambaya: Mijina shekararsa 72, yana da hawan jini tun da daɗewa. Yana gane kowa, yana tuna labarin da, amma ya zama mai sanyin jiki, lissafi na rikice masa, tafiyarsa ta zama ƙanana-ƙananan taku. Cutar Alzheimer ce? Hoto zai nuna?

Amsa: Hajiya, ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma abin da kika zayyana ya fi kama da aikin ƙananan jijiyoyin jini. Alzheimer ta fi fara cin tunawa da abin da ya faru ɗazu. Ita kuwa cutar jijiyoyi hanyoyin saƙo take lalatawa, sai tunani ya yi nauyi, tsara abu ya gagara, sha'awar komai ta ragu, ƙafa ta riƙa ja, wani lokaci fitsari ya riƙa matsowa ba shiri. Iyali sukan ce mutum ya zama malalaci ko ya daina kula su, alhali ciwo ne.

MRI zai taimaka. Zai nuna fararen tabo da ramuka da wurin da ƙwaƙwalwa ta motse, zai kuma kawar da zargin ƙari ko taruwar ruwa a kai, wadda ita ma ke kawo irin wannan tafiya kuma tana da magani. Amma hoto ba ya auna hankali. Na sha ganin hoto mai ban tsoro mai shi yana tafiyar da harkokinsa, da kuma hoto mai ɗan dama-dama mai shi ya rikice. Sannan cututtukan biyu sukan haɗu a kai ɗaya. David Snowdon ya bibiyi mata masu zaman zuhudu 678 a Amurka waɗanda suka yarda a bincika ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa. A 1997 ya ba da rahoton cewa cikin masu alamun Alzheimer a ƙwaƙwalwa, waɗanda suka haɗa da ɗan ramin toshewa ko da ɗaya ko biyu ne sun fi sauran rikicewa nesa ba kusa ba.

Tabon da ya riga ya zauna ba mu da maganin goge shi. Rage masa gudu ake yi. A binciken SPRINT MIND da aka buga a 2019, mutane sama da 9,000 aka raba biyu, wasu aka nemi sauke lambar sama ta awon hawan jininsu ƙasa da 120, wasu ƙasa da 140. Rukunin farko sun sami raguwar fara rikicewar tunani da kashi 19 cikin 100, hotunansu kuma sun nuna fararen tabon ba su yaɗu kamar na ɗaya rukunin ba. Ba a sa masu suga ko waɗanda suka taɓa shanyewa a binciken ba, kuma dattijo mai jan ƙafa idan jininsa ya faɗi da yawa faɗuwa zai yi, don haka lambar da ta dace da maigida likitansa zai tsayar. Ki roƙi a duba masa sinadarin bitamin B12, da aikin maƙoƙon wuya, da jin kunnensa, a kuma bi magungunansa ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Shekarata 40, lafiyata ƙalau. In je a yi mini MRI don in san halin da kaina ke ciki? Yana da illa?

Amsa: MRI da maganaɗisu yake aiki, ba shi da hasken nan na hoton ƙashi da CT ke amfani da shi. Abin kiyayewa shi ne ƙarfe a jiki, kamar na'urar daidaita bugun zuciya ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, sai a faɗa kafin a shiga. Amma ban ba ka shawarar zuwa ba. Da aka ɗauki hoton mutane 2,000 a Rotterdam, rahoton 2007 ya nuna an ci karo da kumburin jijiya a kashi 1.8 cikin 100, da ƙari marar illa a kashi 1.6. Yawancin irin waɗannan ba sa taɓa cutar da masu su, amma daga ranar da ka sani ka shiga zullumi da maimaita hoto. A shekarunka, abin da zai gaya maka yadda hoton kanka zai kasance nan da shekara 25 shi ne awon jini a dantse, wanda bai fi minti biyu ba. Idan lambar ta kai 140 bisa 90 a ranaku mabambanta, ka ga likita ko da kanka bai taɓa sarawa ba.