Me ya sa wasu ba ma sa musu kakin riƙo?

Ka tambaye ni jiya, muna tsakar aiki: "Maigida, katakon zamiyar wancan ɗan tseren ka bar shi da kakin santsi kaɗai, na wannan dattijon kuma ka sa masa na riƙo, alhali Vasaloppet ɗaya za su yi. Me ya bambanta su?" Lokacin hannuna na kan dutsen guga, shi ya sa ban amsa ba. Zauna, yaro.

Vasaloppet tseren zamiya ne a kan dusar ƙanƙara, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora a ƙasar Suwidin, kuma tun 1922 ake wannan tsere. Kakin riƙo, wanda muke shafawa a tsakiyar katako, daidai ƙarƙashin ƙafa, shi ke sa katakon ya kama dusar ƙanƙara idan mutum ya taka zai hau tudu. Amma duk abin da ya kama, yana ja baya. A gangara da fili, riƙon nan yana cin saurin mutum kaɗan-kaɗan, ga shi tafiyar da nisa. Shi ya sa manyan 'yan tsere suka koma tura kansu da sanduna biyu tun daga farko har ƙarshe. A 2013 Jørgen Aukland na Norway ya lashe tseren ba tare da kakin riƙo ba, daga nan sauran suka bi sahu.

Wancan saurayin kafaɗunsa da cikinsa sun sha horo, wajen awa huɗu zai gama. Dattijon kuwa zai yi awa goma a hanya. Ka hana shi riƙo, tudun farko da ke bayan wurin tashi ma sai ya gama da hannuwansa, tun kafin ya kai Smågan, zangon farko a hanya.

To na dattijon ne aikin mai wuya. Da ƙarfe takwas na safe ake tashi, dusar a bushe, sanyi na cizo. Kafin ya kai zangon Oxberg, can gaba a hanya, rana ta yi, dubban mutane sun tattake hanya, wataƙila dusar ta jiƙe. Kakin da ya kama da safe sai ya zama santsi da rana. Don haka ka goge tsakiyar katakon da sanfefa tukuna, ka narka kakin tushe da dutsen guga, sannan ka riƙa ɗora siraran shafi kana murzawa da toto. Siraran, na ce. Ku yara kuna son lafta abu kamar ana yaɓen ɗaki.

In ma'aunin zafi ya tsaya kusa da sifiri, nan ne ido ke raina fata. Na taɓa shafa wa wani mutum kilista, kakin riƙon nan mai danƙo, sai sabuwar dusa ta sauka, ta manne masa a ƙasan katako dunƙule-dunƙule, ya dinga tsayawa yana kankarewa. Har yau ban manta kallon da ya yi mini a Mora ba.

Ɗauko katakon dattijon mu auna inda nauyinsa ke danne shi, ka zo da 'yar takardar nan da za mu zura ƙarƙashi.