Amsa ga ƙanenmu mai shago kan tattalin kuɗi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Na saurari saƙon ƙanenmu mai shagon kayan masarufi a Titin Bauchi a nan Jos, wanda ya ce ana ciniki daidai gwargwado, amma idan wata ya ƙare sai ya tarar babu riba, uwar kuɗin ma tana ja da baya, yana tambayar ta inda zai fara rage kashe kuɗi a shago da gida.

Ƙanena, kafin ka rage komai, sai ka fara raba aljihu biyu. Abin da ke karya yawancin ƙananan 'yan kasuwarmu a Jos shi ne aljihun shago da na gida ɗaya ne. Za a aiko yaro daga gida a ce babu magi babu sukari, a ɗauka a kan kanta ba a rubuta ba, kuɗin cefane a ciro daga cinikin safe, kuɗin keke da na makarantar Islamiyya duk daga akwati ɗaya. Mai yin haka ba zai taɓa sanin ko riba yake ci ko jari ba. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ka yanka wa yaron shagonka, na mako ko na wata, gida ya rayu a cikinsa, kuma duk abin da aka ɗauka a shago don gida a rubuta shi a littafi da farashin da ake sayar wa kowa. Wata guda kacal za ka yi kana rubutawa, littafin da kansa zai nuna maka inda kuɗin ke zurarewa.

Sai maganar wuta da mai. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a shekarar 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Ka ɗauki biro ka yi lissafi: idan janaretanka na shan lita 3 a rana, a ce a kan naira 900, naira 81,000 ke nan a wata. Shin ribar lemo da ruwan sanyin da kake kunna shi dominsu ta kai haka? Allah ya ba mu gari mai sanyi, a lokacin hunturu kana iya kashe firji da daddare, lemon ya wayi gari da sanyinsa. Fitilun shago da cajin waya kuwa ƙaramar sola ta ishe su. Idan har yanzu takardar ƙiyasi ake kawo maka, ka dage ka samu mitar kati, domin sai da ita ne kashe fitilar da ba a bukata ke rage maka wani abu.

Akwai kuma ƙananan cajin banki, waɗanda mutum ba ya jin fitarsu. Ana cire naira 50 a kan kowace turawa da ta kai naira 10,000, kuma daga Disamban 2024 wannan ya shafi masu OPay da Moniepoint. Daga Maris na 2025 cirar kuɗi a na'urar ATM ta wani banki ta koma naira 100 a kowace 20,000, ga kuma cajin mai POS, ga ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Maimakon ka tura wa dila kuɗi sau biyar a mako, ka tara ka tura sau ɗaya, data kuma ka sayi ta wata a daina sayen ta kullum.

A wajen sari, kada kowa ya riƙa tafiya shi kaɗai. Idan ku huɗu ne masu ɗauko kaya daga Kasuwar Singa a Kano, ku haɗa oda, mutum ɗaya amintacce ya je, mota ɗaya ta kawo, ku raba kuɗin dako. Amma kada araha ta ruɗe ka ka cika shago da kayan da ba sa tafiya, domin katan ɗin da ya yi wata uku a kwance kuɗi ne da aka ɗaure, wani lokaci ma ya lalace a hannunka.

Yanzu ga wadda ta fi wuya, wato bashi. Na san ba a iya hana shi gaba ɗaya a unguwa, maƙwabci ne, suruki ne, abokin sahun sallah ne. To amma ka sa masa iyaka: adadin da jimillar bashin waje ba za ta wuce ba, kuma wanda bai biya na baya ba ba a ƙara masa. Wanda ka san ba shi da halin biya, gara ka ba shi ɗan abin da za ka iya daga albashinka a matsayin sadaka, ka samu lada, zumunci kuma ya tsira, da ka rubuta shi a littafi ku dawo kuna ɓuya wa juna a hanya.

A gida, awo ya fi sayen mudu-mudu. Da kaka masara kan yi sauƙi a Mangu, dankalin turawa a Bokkos, tumatir da tattasai kuma a Farin Gada lokacin kayan rani, a saya da kwando a yanka a shanya. Sai dai ka ajiye na ci kawai, domin waɗanda suka tara masara suna jiran tsada sun ji a jikinsu da farashi ya faɗi a 2025. Ku zauna da uwargida ka nuna mata lissafin a fili, ita ce ta san inda mai da gawayi ke tafiya, kuma tattalin da aka yi shawara da ita ya fi ɗorewa a kan wanda aka ɗora mata. Anko da gudummawar biki ma a ware musu kaso tun farkon wata, idan ya ƙare a je a yi Allah ya sanya alheri da tufafin da ake da su.

Akwai wuraren da ban yarda a taɓa ba: haƙƙin yaron shago, cikar mudu da ingancin kaya, abincin iyali, kuɗin makaranta da na magani. Wanda ya tauye yaronsa ya koya masa sa hannu a akwati, wanda ya rage mudu kuma ya kori mai saye. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu ciyarwa ba tare da almubazzaranci ko ƙwauro ba, su tsaya a tsakani.

Abin da ya saura bayan duk wannan kada ya kwana a akwatin shago, ka zuba shi a adashin mutanen da ka yarda da su, ka nemi kwasarka ta faɗo daf da lokacin biyan hayar shago. Ka fara da littafin tun gobe, bayan wata guda ka turo mana abin da ka gani mu duba tare. Allah ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.