Ƙafa ke ciwo, me ya kawo hoton ciki?

Tambaya: Likita, daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Wata uku ke nan idon sawun mahaifina da gwiwarsa suna kumbura, ga jajayen ƙulalai masu zafi a ƙwauri, biyu sun fashe suna tsiyayar da ruwa kamar mai. Ya rame. A asibiti an ce a yi hoton ciki, a kuma ɗebi naman wajen. Baffannina sun ce daji ne, ba ya son allura. Na rasa abin yi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Likitan nan ya san abin da yake nema. Pankiriyas, wata halitta a cikin ciki wadda ke kwance bayan tumbi, ita ke fitar da sinadarin lifes mai narkar da maiƙon abinci. Idan ta kumbura ko ƙari ya fito mata, sinadarin kan kwarara cikin jini ya hau cin kitsen ƙarƙashin fata da na kewayen gaɓoɓi. Ruwan da kika gani, mai yiwuwa narkakken kitse ne. Wani sai ya yi watanni a haka cikinsa bai ko murɗa ba. Ba kasafai ake gani ba dai: irin ƙarin da ya fi yin haka bai wuce 1 zuwa 2 cikin 100 na kansar pankiriyas ba, kuma tarin fuka ma yana kawo ƙulalai a ƙwauri.

Maganar baffanni kuwa, ita ke cinye mana mutane. Kullum sai na ji ta. Allura tana "tayar da" daji, amma askar wanzami ba ta tayar da shi? An tsaga, an yi ƙaho, an cusa gari a miki, duk wannan ba ƙarfe ba ne? Abin da ke faruwa shi ne, a ɓoye mutum a ɗaka wata shida, sai ya daina cin tuwo a kinkimo shi, a sa masa ruwa, ya cika bayan kwana uku, a koma gida a ce allura ce. Mai maganin da ya karɓi akuya shi ba a tuhumarsa. Naman da za a ɗiba ɗan kaɗan ne, kuma sai an kashe zafin wajen.

Ki sami babban baffan ki roƙe shi ya raka ku da kansa, ya ji da kunnensa. A gwada lifes a jini, a yi hoton CT, wato hoton da ke nuna kayan ciki dalla-dalla; akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, ko ƙaiƙayi ya dame shi, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.