Wane jirgi ne zai ɗauke ni? Amsoshin wasiƙunku

Wata baiwar Allah daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi ta rubuto cewa mahaifiyarta za ta tafi Umara daga Yamai ta hanyar Addis Ababa, kuma tun da ta ji labarin haɗarin Boeing 737 MAX hankalinta ya kasa kwanciya. Tana son ta san jirgin da zai ɗauki tsohuwar.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri kan wannan kulawa. Abu biyu ne a nan. Nau'in jirgi ana iya saninsa tun ranar yankar tikiti, domin yawancin kamfanoni suna rubuta shi kusa da lambar tafiya: 738 na nufin Boeing 737-800, 7M8 shi ne MAX ɗin da kike tsoro, 788 kuwa Boeing 787-8 ne. Amma takamaiman jirgin da Hajiya za ta taka, sai ta lambar rajistarsa da ke rubuce kusa da wutsiya, kamar lambar mota, farkonta yana nuna ƙasa: 5U ta Nijar, 5N ta Nijeriya, ET ta Habasha. Wannan ba ta fitowa sai tafiya ta matso. Ki saka lambar tafiyar a manhajar Flightradar24, za ki ga jiragen da suka yi wannan hanya a kwanakin baya, amma ki sani kamfani yana iya sauya jirgi da safiyar ranar idan gyara ya taso. Game da MAX, gaskiya ne an dakatar da shi a duniya bayan haɗarin jirgin Ethiopian Airlines na watan Maris na 2019, wanda mutum 157 suka rasu a cikinsa, kuma bai koma aiki ba sai da aka gyara na'urar da ta haddasa matsalar. Ki kwantar da hankalinki, ki raka ta da addu'a.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Istanbul ya ce wani dillali ya nemi ya ƙara jika hamsin domin a sa shi a "sabon jirgi".

Alhaji, kada ka ba shi ko dala. Babu dillalin da ke da ikon zaɓar jirgin da zai tashi, wannan aikin masu tsara zirga-zirga ne a cikin kamfani, kuma mutumin da ya iya yi maka wannan ƙarya zai iya yi maka wadda ta fi ta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan da mutanenmu. Mutum zai kwashe rabin yini a babbar kasuwa yana murza shadda tsakanin yatsunsa, yana ɗaga ta a rana don ya gane ta gaske ce, amma ya miƙa jika ɗaruruwa a kan hoton takarda da aka turo masa ta WhatsApp. Haruffa shida da ke kan takardar, lambar ajiyar wuri ce kawai, kuma tana iya mutuwa idan ba a biya kamfani ba. Tikitin gaske yana da lambobi 13, ukun farko na kamfani ne: 235 na Turkish Airlines, 071 na Ethiopian Airlines, 147 na Royal Air Maroc. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka saka haruffan shida da sunanka, ka ga lambar tikitin da idonka. Na san wanda ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan zuwa filin jirgin Diori Hamani na Yamai, da jakunkunansa da tsarabar kilishi, aka duba kwamfuta aka ce babu sunansa, wayar dillalin kuma a kashe. Ka karɓi rasidi mai hatimi, kada kuma ka tura kuɗi zuwa lambar wanda ba ka san ofishinsa ba.

Wani matashi yana tambaya ko ya ƙi shiga idan ya tarar jirgin mai farfela ne, tunda tsoho ne.

Wa ya gaya maka haka? Har gobe ana ƙera jirgi mai farfela samfurin ATR 72 sabo fil, kuma an yi shi ne domin gajeren zango. Ka shiga ka zauna, sai dai ka rage kayan hannu, domin ma'ajiyar da ke saman kujerunsa ƙarama ce.