Tambayi Makanike: In sa babban dinamo a Hilux ɗina ko kuwa?

Tambaya daga wani mai karatu a Marwa:

Salamu alaikum Malam, ina gajiya. Ina da Hilux ta gazuwal mai injin 5L, da ita nake jigilar kaya Marwa zuwa Mora wani lokaci har Kusiri. Na ƙara mata doguwar fitilar LED a saman kai (an rubuta 240W a kwalin), da ƙaramin firigo na ruwan sanyi, da amfilifaya na sauti, sai inbata mai 1000W da yara ke cajin waya. Toh tun lokacin batir baya kwana, da asuba sai an tura, na sayi sabon batir wata 4 shima ya fara. Mai gyaran wayar mota yace in cire dinamon in sa mai amfiya 150 magana ta ƙare. In sa ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, amma kar ka yi saurin zaro kuɗi tukuna, zo mu yi lissafi.

Dinamon da ke zuwa da irin injinka, wato 2L, 3L da 5L, yawanci amfiya 55 zuwa 70 ne, kuma wannan adadin sai inji na gudu sosai yake bayarwa. In mota na tsaye a ralanti, wato inji na aiki ba a taka totur ba, wajen rabi kawai kake samu, ga shi zafi na rage masa ƙarfi, kai ka san Marwa a watan Afrilu ai, waje ma ya haura 40 balle cikin bonet. Ita motar kanta da dare, manyan fitilu biyu kusan amfiya 10, kilim (na'urar sanyaya mota) da fankarsa 15 zuwa 20, da sauran ƙananan abubuwa, ta cinye wajen 30 kafin ka kunna komai naka. Lissafin mai sauƙi ne, ka raba wat da 12. Fitilarka 240 raba 12 ya ba da 20, kodayake irin waɗannan fitilun na kasuwa abin da aka rubuta a kwali daban abin da suke ja daban, sau da yawa ba su kai ba. Firigo wajen 5. Sauti in an ƙure shi 15 ko fiye. Kaga an kai 70 kenan, dinamo ya ƙure, sauran daga batir ake yanka. Inbatan kuwa in waya kaɗai ake caji ba komai bane, amma ranar da wani ya jona masa butar shayi ta lantarki zai ja kusan amfiya 90 shi kaɗai.

Dan haka mai gyaranka bai yi ƙarya ba, wutar ta yi kaɗan. Inda nake da ja da shi shine cewa magana ta ƙare.

Leƙa bayan dinamonka ka gani, akwai wani ɗan gwangwani manne da shi da tiyo-tiyo guda uku. Wannan famfon iska ne na birki, shi ke zuƙe iska dan birkinka ya yi laushi, tiyo ɗaya na tafiya wajen birkin, biyun kuma man inji ne ke shiga yana fita. Injin gazuwal baya samar da wannan zuƙar da kansa kamar na fetur, shi yasa aka liƙa famfon a nan. Na taɓa ganin wata mota da aka kawo garaj, an ɗaura mata babban dinamo na wata motar daban marar famfo, an toshe tiyon mai da ƙusa an ɗaure da waya, direban yace wlh sai ya miƙe tsaye kan birki kafin ta tsaya. A hanyar Waza da ramukan nan, da kaya a baya, wannan ai neman ajali ne. Duk dinamon da za ka saya sai mai famfo a baya, ka tafi da tsohon a hannu a gwada ƙafafun da soket ɗin da bakin fulin. Masu Hilux Vigo da Revo masu injin KD ko GD su famfonsu na jikin inji, wannan bai shafe su ba.

Sai waya. Wayar da ta tashi daga dinamo zuwa batir an yi ta ne daidai amfiya 70, in ka tura 120 ta cikinta zafi za ta yi, ta narke roba, mota kuma haka take kama wuta. A ƙara sabuwa mai kauri 25 ko 35mm², tagulla na gaske ba mai ruwan tagulla a sama alminiyom a ciki ba (ka kankare da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye musu), a sa fiyus kusa da kan batir. Haka mas ɗin, wato wayoyin nagatif, daga batir zuwa bodi, daga inji zuwa shasi, duk a ƙara musu kauri a goge tsatsa. Motoci da dama wannan kaɗai aka yi musu caji ya dawo daidai ba a sayi komai ba.

Ni a ganina 150 ya yi yawa. Bel irin naka zai dinga sulɓewa yana kuka, yana cinyewa, kuma wasu manyan dinamon a ralanti ba su fi naka ba. Tsakanin 100 da 120 ya ishe ka.

Amma abin da nake zargi ya fi kashe maka batir ba a kan hanya yake faruwa ba. Ka faɗa min gaskiya, in kun isa kasuwa ka kashe mota firigo na ci gaba da aiki ko? Da sauti? Toh inji a kashe ko dinamon jirgi ka sa babu abin da zai tsinana. Firigo na awa 10 zai iya shan amfiya-awa 25 zuwa 40 a zafin nan, batirin tayar da mota kuma ba a yi shi dan a dinga zuƙe shi haka ba, kaɗan-kaɗan yake mutuwa, shi yasa sabon bai kai wata 5 ba. Da asuba ga hita na gazuwal ga sitata duk suna jira. Maganin wannan batir na biyu ne, da rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke haɗa su in inji ya tashi ya raba su in an kashe, firigo da inbata da sauti duk su koma kan na biyun.

Kafin komai dai ka ari mita. Mota a kashe tun dare batir mai lafiya zai nuna 12.6. Tayar da ita, ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Sai ka kunna duk kayanka ka ɗan taka totur, in ya tsaya sama da 13.5 dinamonka na iya ɗauka, batir na biyu kawai za ka saya. In ya faɗi ƙasa da 13 a gyara wayoyin a sake aunawa, in har yanzu bai tashi ba sai ka je neman dinamo mai amfiya 100 zuwa 120 ɗin, da tsohon a buhu.